Fitilun da Kande Ta Kashe

Maganar da ke yawo a bayan kasuwar Utako ita ce wai Zulai na komawa ɗakin ɗinki bayan kowa ya watse. Wasu suka ce 'yan'uwanta na Kuchigoro take shigo da su su kwana a kan tabarmin sallah. Wasu suka ce a'a, aikin kanta take yi da kekunan ƙungiya. Wata ma ta rage murya ta ce namiji ne. Hujjar dai ɗaya ce a bakin kowa: da yamma a kashe fitilu a kulle ƙofa, da safe a tarar da su a kunne tar, kuma ba mai mabuɗi sai Zulai.

Malama Ikilima ta ji zancen a makare, don ta kwana biyu tana jinyar gwiwa a gidan 'yarta. Tsohuwar malamar kimiyya ce, a makarantar 'yan mata ta ƙare aikinta, yanzu kuma takan zo ɗakin ɗinkin ƙungiyar matan unguwa ta koya wa masu so karatu da lissafi. Tana da wani hali da ɗalibanta na da ba su manta ba har yau. In ka ce mata "ai kowa ya sani," sai ta zare tabarau ta ce, "To ni ban sani ba, sanar da ni."

Haka ta yi wa Hajiya Kande, shugabar ƙungiyar, ranar da ta dawo.

"Malama, da hannuna nake kashewa," in ji Kande, ta ɗaga yatsa kamar shi za a rantsar. "Wannan yatsan. Ni ce ta ƙarshen fita, in danna, ita kuma ta kulle."

"Shi ne kika karɓe mabuɗin."

"Na karɓe mana. Kin san abin da ya faru? Shekaranjiya na zo na buɗe da kaina, ga su nan a kunne. Ashe ta yanka wani!"

"To tsaya, Shugaba. Mabuɗi na hannunta, fitila ta kama, ita ce. Mabuɗi ya bar hannunta, fitila ta kama, ita ce dai. Me zai faru ki ce ba ita ba ce?"

"Kin fara tambayoyin nan naki na jarrabawa."

"Ai su kaɗai na iya."

Kande ta gyara mayafi. Ba muguwar mace ba ce, kuma Malama Ikilima ta san haka. "Ranar Asabar za a zauna," in ji ta. "A sallame ta cikin mutunci, a sake kwaɗo. Har na sayo sabo, yana cikin jakata. Ni na kawo ta wurin nan, Allah ne shaida, amma kayan mutane ne a ɗakin."

Washegari da safe Malama Ikilima ta tarar da Zulai zaune a kan dakali da tsintsiya a hannu, tana jiran a zo a buɗe mata ɗakin da a da ita ke buɗe wa kowa. Mutuniyar Gwoza ce, Hausarta ba ta raba namiji da mace, rikici ya koro ta da 'ya'yanta, suka sami ɗan wurin zama a Kuchigoro. Shara da riƙon ɗakin nan su ne aikinta. Igiyar da ta saba rataya mabuɗin tana nan a wuyanta, ta leƙo ta ƙasan hijabi, ba komai a jikinta.

"Mama, sannu da ƙafa. Ya yi sauƙi?"

"Da sauƙi. Zulai, kin yanka wani mabuɗi?"

Zulai ta dube ta ido cikin ido. "Mama, ni ko inda ake yanka shi ban sani ba." Ta ɗan ja igiyar da yatsa. "Tun da muka bar gida ban riƙe mabuɗi ba sai wannan. Ƙofar ɗakinmu da waya muke ɗaure shi. Ranar da Hajiya ya ba ni, yarana suka yi ta karɓa suna kallo. Yanzu suna tambaya, na ce musu na bari a wurin aiki."

Malama Ikilima ba ta ce mata ta yarda da ita ba, don ba ta saba ba da shaida a kan abin da ba ta gwada ba. Ta dai dafa kafaɗarta, ta dogara sandarta ta tsallaka layi zuwa teburin Baƙo mai shayi, wanda ke kallon tagogin ɗakin ɗinkin tun daga asuba har a watse.

"Hajiya, ni fa ba na shiga maganar mata," in ji Baƙo, tun kafin ta zauna.

"Ba maganar mata ta kawo ni ba, maganar fitila ce. Zuba mini, ban da sukari. Kullum kake ganinsu a kunne?"

"A'a. Sai a yi kwana da kwanaki ɗakin na duhu. Sai kuma ran nan ki ga haske." Ya ɗaga kofi sama yana fifita shayin. "Rannan ma da idona na ga sun kama. Bayan magariba ne, an dawo da wuta, yaran layi suka ɗauki ihu, ina ɗaga kai sai ga tagogin sun haska."

"Daidai da dawowar wutar?"

"Daidai wallahi."

"Ka ga mutum ya shiga?"

"Ban gani ba. Amma fitila ai ba ta kunna kanta. Akwai mai zama ciki cikin duhu yana jira." Ya rage murya. "Ko kuma ba mutum ba ne."

"Baƙo, aljanin da ke da Abuja kaf a gabansa, ga Maitama ga Asokoro, ya rasa wurin hira sai ɗakin da ke warin man keke?"

Baƙo ya yi dariya har shayi ya zuba a hannunsa.

Ran nan Malama Ikilima ta ƙi tafiya gida bayan darasi. Ta ja kujera ta zauna a lungu, ta ce gwiwa ce. Ɗakin dogo ne, kuma tun da aka gina bene a gefensa rana ba ta shiga sosai, don haka ko da tsakar rana sai an kunna fitilu. A bara aka yi masa gyara, aka cire tsofaffin makunnai masu hawa da sauka, aka sa wasu 'yan maɓallai masu kama da na ƙararrawar ƙofa: ɗaya a bakin ƙofa, ɗaya a tsakiya, ɗaya can baya wurin da ake rini. Ka danna ka saki, maɓallin ya dawo yadda yake. In ka dube shi ba ka gane a kunne yake ko a kashe. Da safe ta lura cewa duk lokacin da aka danna, wani abu yakan yi ƙat a cikin akwatin ƙarfe da ke saman ƙofar sito.

Bayan la'asar aka ɗauke wuta. Kekuna suka tsaya, fanka ta yi ta ragewa har ta mutu.

"A kashe komai!" in ji Kande, ta miƙe. "A zare dutsen guga! Ke, soket ɗin can!"

Wannan doka ce da ba mai ja da ita. Lokacin da Kande ke zaune a Mararaba an taɓa dawo da wuta da ƙarfi ta ƙona mata firji da talabijin rana ɗaya, tun daga nan ba ta barin makunni a kunne in wuta ta tafi. Duk matan ma haka suke yi a gidajensu, har ita Malama Ikilima. Aka tattara, aka fita, Kande ta tsaya a bakin ƙofa ta danna maɓallin da yatsan nan nata.

Malama Ikilima ta kasa kunne. Akwatin bai ce komai ba.

A cikin keke napep, a hanyar gida, ta yi ta juya abin. Ta san abin da ke yin ƙat ɗin nan, rile ne, ta koyar da shi shekara da shekaru. Sai ta sa yara su naɗa waya a jikin ƙusa su jona da batir, ƙusar ta zama maganaɗisu ta jawo ɗan ƙarfe, ƙarfen ya haɗa hanyar wata wutar. A cire batir, ƙusa ta saki. Nan ne kuma lissafin ya ƙi fita. In haka ne, da wuta ta tafi rilen zai saki da kansa, ko Kande ta danna ko ba ta danna ba, kuma fitilu ba za su kama ba sai wani ya zo ya sake dannawa. Wato abin da ta koyar duk shekarun nan bayan Kande yake goya. Bai yi mata daɗi ba, amma ba ta yi kamar ba ta gani ba. Ta nemo lambar Silas, mai gyaran wutar da ya yi aikin.

Silas ya zo ranar Juma'a da hantsi da jakar kayan aiki a kafaɗa. Dogo ne mai yawan dariya, Hausarsa irin ta Abuja. Ya hau benci ya kwance murfin akwatin.

"Mama, me ya lalace? Oga ya ce aikin nan ba zai taɓa ba da matsala ba."

"Ba abin da ya lalace. Tambaya ce da ni. In wuta ta tafi, wannan abin sakewa yake yi?"

"Wannan? Ina! Wancan na da ne, Mama. Na da sai ka yi ta ba shi wuta yana riƙewa, kamar mutum ya danne ƙofa da kafaɗa, ya gaji ya saki. Wannan sakata gare shi."

Ya sauko, ya zaro irinsa daga jaka, mai murfin roba da ake ganin ciki. Malama Ikilima ta gyara tabarau. Ga naɗin wayar nan da ta sani, ga ɗan hannun ƙarfe. Amma a gabansu akwai wata 'yar ƙafa mai haƙora wadda babu ita a ƙusar ajinta. Silas ya taɓa wayoyi biyu a jikin batir. Ƙat. Hannun ya tura 'yar ƙafar ta juya haƙori ɗaya, bakunan tagulla biyu suka haɗu. Ya janye wayar. Suka zauna a haɗe.

"Sake," in ji ta.

Ƙat. Suka rabu, suka kuma zauna a rabe.

Ta lalubo biro mai danni daga jakarta, ta danna, bakin ya fito ya tsaya. Ta sake dannawa, ya koma. Ta yi murmushi ita kaɗai. Abin da ta sani ba ƙarya ba ne, ashe dai bai ƙare a inda littafinta ya ƙare ba.

"Me ya sa kuka sa irin wannan?"

"Saboda mata masu rini. Fitilun nan da maɓallan duk ƙaramin wuta suke ci, bolt ashirin da huɗu, daga wancan taransifoman. Ko da jiƙaƙƙen hannu kin taɓa ba zai ja ki ba. Siririn waya ya isa, maɓalli ko nawa kike so a jona. Kuma shi rilen ba ya shan wuta sai daidai lokacin da aka danna."

"Wato yatsana ba shi ke tura sakatar ba. Aike kawai yake yi, wutar ce ke turawa."

"Haka ne."

"In babu wuta na danna fa?"

"Kin danna roba ne kawai, Mama!" Ya kwashe da dariya.

Sai ta ba shi labarin Zulai. Dariyar ta tsaya. Ya sosa ƙeya da sukudireba ya ce shi kam ya yi wa ogansa bayani, bai zaci matan na buƙata ba. Ya ce zai zo taron ya faɗa musu da bakinsa.

"A'a," in ji ta. "In ka faɗa, za a ce na kawo maƙaryacina. Ka zo ranar Litinin ka sa mana makunni mai hawa da sauka a bakin ƙofa, wanda ke yanke fitilun ko da wuta ko babu. Sauran ka bar mini."

Ranar Asabar ɗaki ya cika. Zulai ta zauna can ƙarshen tabarma, ta sa hannuwa a cinya. Kande ta buɗe taro da addu'a, tana shirin shiga magana Malama Ikilima ta buga sanda a ƙasa.

"Shugaba, kafin a yanke hukunci ina roƙon a jira a ɗauke wuta."

"A jira me?"

"A ɗauke wuta. Akwai abin da zan nuna."

Aka jira. Wutar da ke tafiya ba sallama kullum, yau ta zauna daram. Fanka na ta juyawa. Wata ta ce tun da ta zo Abuja ba ta taɓa roƙon Allah a ɗauke wuta ba sai yau. Wata ta ce ai masu wutar sun ji labari ne, su ma so suke su ga ƙarshen zancen. Da Malama Ikilima ta ga an fara duba waya ana maganar girki, sai ta aika aka kira Baƙo, ta ce ya tsaya waje wurin mita, in ta yi magana ya sauke babban makunnin ginin.

"Sauke!"

Ɗaki ya yi duhu.

"To Shugaba, yi yadda kika saba."

Kande ba ta so ba, amma hannunta ya riga ta. Aka zare dutsen guga, aka kashe soket. Malama Ikilima ta sa aka haska waya aka duba ƙarƙashin tebura, da cikin sito, da bayan randar rini. Ba kowa. Aka fito duka. Kande ta danna maɓallin bakin ƙofa.

"Kin kashe?"

"Kin gani da idonki."

"Na ga kin danna. Ina sabon kwaɗon? Sa shi. Wannan ai ba wanda ya yanka mabuɗinsa." Kande ta ciro shi daga leda, ta maƙala, ta danne har ya yi ƙara. "Yanzu riƙe hannun Zulai."

"Haba Malama."

"Riƙe dai, kada a ce ta zagaya."

Zulai da kanta ta miƙo hannun. Kande ta kama wuyan hannunta tana kallon gefe. Mata suka jeru a bakin tagogi, har masu sayen shayi suka taso.

"Baƙo, mayar!"

Tagogin suka haska gaba ɗaya.

Wata ta yi salati. Baƙo ya leƙo daga lungun mita ya ce, "Wallahi haka na gani rannan! Haka!" Kande ta tsaya tana kallon hasken, hannun Zulai na cikin nata, mabuɗin sabon kwaɗo na ɗaya hannun.

"Ban danna da kyau ba ne," in ji ta. "A sake."

"Madalla," in ji Malama Ikilima. "Da a ajina kike da na ba ki maki. A sake."

Aka buɗe, Baƙo ya sauke, Kande ta danna da ƙarfi har farcenta ya yi fari, ta ƙara, ta kuma ƙarawa. Aka kulle. Baƙo ya mayar. Haske.

"Saura gwaji ɗaya," in ji Malama Ikilima, "don ni ma kada in yi saurin yarda da kaina. Yanzu da wuta, shiga ki danna, ki kasa kunne."

Kande ta shiga ta danna. Ƙat, daga saman ƙofar sito. Fitilu suka mutu. Aka kulle, Baƙo ya sauke ya mayar, ya sake saukewa ya mayar. Ɗakin ya zauna cikin duhunsa.

Sai a lokacin Malama Ikilima ta ciro biro ta yi musu bayani a taƙaice, irin na aji: akwai sakata a cikin akwatin can, wuta ce ke tura ta, kuma inda aka bar ta nan take zama. Dokar Kande ta kashe komai doka ce mai kyau, kada a daina, maɓallin ne kawai ba ya jin magana in babu wuta, kuma Silas zai zo ya sa wanda ke ji.

Kande ta nemi bencin Baƙo ta zauna. Sannan ta ce, "Zulai, zo nan." Ta jawo igiyar daga ƙasan hijabin, ta kwance ƙullin da haƙori, ta zura mabuɗin sabon kwaɗon.

"Ki yafe ni, ƙanwata. Na ɗauki alhakinki, na kuma bari aka ɗauka."

"Ba komai, Hajiya. Allah ya yafe mana duka." Zulai ta sunkuyar da kai don a ɗaure. "Ka ɗaure da kyau, igiyan ya tsufa."

"Gobe zan kawo miki sarƙa."

"A'a, wannan ɗin yarana suka sani."

Ana cikin haka sai ga Mashkura, ma'ajin ƙungiya, ta sauko daga keke da gudu, ta makara saboda cunkoson hanya. Ta dubi matan da ke tsaye a waje, ta dubi mabuɗi a wuyan Zulai.

"Me ya faru? An gano mai shiga ɗakin?"

Kande ta ɗago kai.

"Ba wanda ke shiga," in ji ta. "A kunne suke in an ɗauke wuta, in danna babu wuta, ba su kashu ba. In wutar ta dawo sai ta same su yadda ta bar su."